KIFIN TEKU DA KIFIN KOGI A AKWATIN GILASHI: ABIN DA YA SA KIWON ƊAYA YA FI NA ƊAYA WUYA



Batun da wannan lacca ta ƙunsa, wanda ya ji shi da farko zai ɗauka na wasa ne, watau kiwon kifi a cikin akwatin gilashi don sha'awar kallo, irin akwatin nan da Turawa ke kira akwariyam. Amma akwai tambaya guda a cikinsa wadda in aka bi ta sai ta kai mutum cikin ilmin jikin dabbobi, da na sinadarai, har da na ciniki tsakanin ƙasashe. Tambayar ita ce: me ya sa yaro ɗan makaranta zai iya riƙe kifin kogi shekara da shekaru a cikin ɗan akwati, alhali kuwa babban mutum mai dukiya da tarin littattafai zai sayo kifin teku da tsada, bayan mako biyu ya wayi gari ya tarar ya juya ciki sama?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gishiri. Mutum zai ce, ai abin mai sauƙi ne, a ɗebo ruwan famfo a zuba gishiri a dama, an sami teku ke nan. Nan ne kuskure na farko ya ke. Gaskiya ne kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ruwan kogi kuwa galibi bai kai rabin giram ba. To amma gishirin teku ba irin na miya ba ne zalla. Wani masanin sinadarai mai suna William Dittmar, da ke koyarwa a birnin Gilasgo, ya auna samfurin ruwa guda 77 waɗanda jirgin binciken nan na Ingila mai suna Challenger ya ɗebo daga tekuna daban daban tsakanin 1872 da 1876. A cikin 1884 ya bayyana abin da ya gano. Sodiyam da kulorayid, watau sinadarai biyun da suka haɗu suka ba da gishirin miya, su ne kimanin kashi 85 cikin 100. Ragowar kuwa salfet ne da magnisiyam da kalsiyam da fotasiyam, da wasu da yawa 'yan kaɗan kaɗan. Abin da ya fi ba da mamaki a cikin aikin Dittmar shi ne, ko daga ina aka ɗebo ruwan, ko ya cika gishiri ko ya yi salam, rabon waɗannan sinadarai a tsakaninsu bai canzawa. Bahar Maliya, wanda alhazai ke gani a Jidda, gishirinsa ya kai giram 40 a lita saboda zafi da ƙarancin ruwan sama, amma tsarin haɗin ɗaya ne da na tekun Legas. A riƙe wannan magana, domin ita ce gindin duk abin da zai biyo baya.

Kafin a kai can, ya kamata a san abin da gishiri ke yi wa jikin kifi. Duk wadda ta taɓa yanka albasa ko tumatir ta barbaɗa gishiri ta san ba a jimawa sai ruwa ya tsattsafo. Dalili kuwa, in fata mai laushi ta raba ruwa biyu, ɗaya mai gishiri da yawa, ɗaya mai kaɗan, to ruwa kan ratsa fatar daga wajen mai kaɗan zuwa wajen mai yawa. Masana na kiran wannan osmosis. Jinin kifi mai ƙashi, na kogi ne ko na teku, gishirinsa kusan sulusin na ruwan teku ne. Kuma kifi ba shi da ikon rufe jikinsa ruf, domin jajayen sassan nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, waɗanda ya ke numfashi da su, tilas su kasance masu laushi ƙwarai don iska ta ratsa. A kira su mashaƙa. Ƙofar da iska ke shiga ta nan ruwa da gishiri ke bi.

Saboda haka kifin kogi kullum ruwa na kwarara cikin jikinsa, gishirinsa kuma yana zurarewa waje. Dabararsa ita ce ba ya shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, yana yawan fitsari tsararo, sa'an nan mashaƙarsa na tsinto ɗan gishirin da ke cikin kogin tana mayarwa cikin jini. August Krogh, mutumin Danmak, shi ya tabbatar da wannan tsintuwar gishiri a cikin 1937. Kifin teku kuwa akasin haka ne: yana tsakiyar ruwa amma ƙishirwa ke neman ransa, kamar matafiyi a sahara. Teku na zuƙe ruwan jikinsa dare da rana. Homer Smith na Amurka ya nuna a cikin 1930 cewa irin wannan kifi shan ruwan teku ya ke yi ba ƙaƙƙautawa, hanjinsa ya tsotse ruwan, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan ne. Shekara biyu bayan haka, cikin 1932, Ancel Keys da E. N. Willmer suka bayyana wasu ƙwayoyi na musamman a cikin mashaƙa waɗanda aikinsu fitar da gishirin da ya yi yawa. Kifin shak da danginsa sun bi wata hanya dabam, suna tara sinadarin fitsari a cikin jininsu har ya yi kauri daidai da teku, amma wannan wani zance ne.

A nan akwai abin lura wanda littattafan masu sayar da kifi kan tsallake. In an duba da kyau, kowanne daga cikin kifayen nan biyu yana fama, kowanne yana kashe ƙarfi wajen daidaita jininsa. Ba za a ce na teku ya fi na kogi wahala a gidansa ba. Ashe ke nan gishiri shi kaɗai bai isa ya bayyana bambancin ba. Bambancin na cikin irin gidan da kowannensu ya taso.

A ɗauki kogi ko tafki na ƙasa mai rani da damina. Da damina ya cika ya batse, ya yi ja wur da laka. Da kaka ya fara janyewa, da hunturu ya yi sanyi ƙarara, da bazara ya koma 'yan kududdufai masu zafi, cike da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu, iskar da ke cikinsu ta kusa ƙarewa. Kifin da zuriyarsa ta yi dubban shekaru tana ratsa wannan juyi, wanda bai iya jurewa ba ya riga ya ƙare tun tuni. Masunta ba su bukatar a gaya musu haka. Sun san tarwaɗa kan yi sa'o'i a cikin kwando tana motsi, domin tana da wata gaɓa a bayan mashaƙarta da ke ba ta ikon shaƙar iskar sarari. Sun san gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta kwanta wata da watanni tana numfashi da huhu har damina ta dawo. Kifayen da aka fara kiwo don kallo duk masu irin wannan taurin rai ne. Jan kifin nan mai ruwan zinariya, mutanen Sin suka hore shi daga wani kifin tafki tun zamanin sarautar Song, tsakanin 960 da 1279, daga baya kuma suka riƙa ajiye shi a cikin tukwanen tangaran a ɗaki. Kifin ƙasashen zafi na farko da aka hayayyafa a Turai, wanda Pierre Carbonnier ya yi kiwonsa a birnin Faris cikin 1869, kifin fadamun shinkafa ne na Asiya mai shaƙar iskar sarari. Ba abin mamaki ba ne da ya jure doguwar tafiyar jirgin ruwa a cikin ɗan mazubi.

To sai a juya wajen teku. Ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, ya ƙunshi kashi 97 cikin 100 na dukan ruwan duniya, zurfinsa kuma a tsakaice ya kusa mita 3,700. Abu mai wannan girma ba ya canza hali da sauri. Kifaye masu launi da a ke sha'awar kiwo kusan dukansu daga duwatsun murjani su ke fitowa, inda zafin ruwa kan tsaya galibi tsakanin digiri 24 da 28 na ma'aunin Santigirad duk shekara, gishiri bai cika motsawa ba, igiyar ruwa na kawo sabuwar iska kowane lokaci, ƙazanta kuwa da ta fito sai ta ɓace cikin yalwar ruwa. Kifin da ya taso a nan bai taɓa bukatar koyon jure canji ba, don haka jikinsa bai tanadi dabarar ba. Kamar ɗan gata ne da aka raina a ɗaki mai inuwa, aka wayi gari aka ce ya bi ayarin fatake. Mai kiwon kifin kogi abin da a ke nema gare shi ya samar da wuri wanda bai fi kududdufi muni ba. Mai kiwon kifin teku kuwa an ɗora masa ya sa lita 100 ta yi halin da teku ke yi saboda girmansa.

Ɗan lissafi zai nuna nauyin wannan aiki. Akwati mai cin lita 100 yana ɗauke da gishiri giram 3,500. Ruwa na tashi tururi, gishiri kuwa ba ya tashi. In lita 10 ta ƙafe, abin da kan faru cikin 'yan kwanaki a wuri mai zafi da busasshiyar iska, sai gishirin nan ya rage a cikin lita 90, watau kowace lita ta koma kusan giram 39. Kifin da aka kamo a tekun Indonesiya ya tsinci kansa a Bahar Maliya ba tare da ya yi tafiya ba. Mai kiwo marar sani, ganin ruwa ya ragu, sai ya cika da ruwan gishiri, ya ƙara ɓata lamarin. Abin da ya kamata a cika da shi ruwa ne zalla marar gishiri, kuma kaɗan kaɗan kullum, domin saukar da gishiri farat ɗaya shi ma bugu ne ga kifin. Wannan ne ya sa ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙewa, ko da ya ke sabon shiga kan zaci akasin haka, ya ce bari ya fara da ƙarami.

Ƙazanta ta fi gishiri kisa. Kifi na fitar da dattin jikinsa ta mashaƙa a matsayin amoniya, wadda guba ce. A cikin kowane akwati, na kogi ko na teku, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke ceton kifi: wani rukuni ya mai da amoniya nitirayit, wani rukunin ya mai da nitirayit nitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta farko ba. Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, ya bayyana irin waɗannan bakteriya wajen 1890. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin a sabon akwati, kuma rashin haƙurin jiran wannan lokaci ya kashe kifi da yawa. Har nan dai akwatunan biyu daidai su ke. Inda suka rabu shi ne wajen ma'aunin da a ke kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ruwan koguna da yawa yana kusa da 7 ko ƙasa da haka, na teku kuwa yana wajen 8.1, watau ya karkata wajen kanwa. Amoniya a cikin ruwa iri biyu ce, mai guba sosai da mai sauƙin guba, kuma pH ke raba tsakaninsu. A lamba 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A lamba 8 ta kai kashi 4 ko 5. Ke nan abinci guda da ya ruɓe a akwatin kogi kifi ya wuce lafiya, in ya ruɓe a akwatin teku gubarsa ta ninka kusan sau goma, kuma ta faɗa kan kifin da bai saba da ita ba ko kaɗan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A akwatin teku kuwa tsamin nan kullum neman shigowa ya ke yi, domin aikin bakteriyan da kansa yana cinye kanwar ruwa, sai an riƙa mayar da ita.

Ga kuma iska. Ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi. A digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi kan riƙe miligiram 8 da 'yan kai, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, watau ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Duk sa'ad da zafi ya ƙaru, abin da ruwa ke riƙewa raguwa ya ke yi, bukatar kifin kuwa ƙaruwa ta ke yi. Don haka akwatin da zai ɗauki kifin kogi ashirin ba zai ɗauki na teku ba sai 'yan ƙalilan.

Mutanen farko da suka gwada wannan kiwo sun sha fama da waɗannan abubuwa tun ba su san sunayensu ba. Jeanne Villepreux-Power, Bafaranshiya da ke zaune a Messina ta tsibirin Sisili, ta ƙera akwatin gilashi cikin 1832 don nazarin dabbobin teku, amma ita teku na bakin ƙofarta. Anna Thynne kuwa a tsakiyar birnin Landan ta ke. Cikin 1846 ta kawo wasu 'yan murjani daga gaɓar Torquay, ta riƙe su da rai wajen shekara uku. Da fari daga teku a ke aiko mata da ruwa. Daga baya ta gano tsohon ruwan ma zai yi in an ba shi iska, sai ta sa mai aikinta ta riƙa juya shi daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga, kamar rabin sa'a ko fiye kowace rana. Tarihi ya riƙe sunan uwar gida, bai riƙe na mai juya ruwan ba, alhali kuwa aikin da injin tura iska ke yi a yau shi hannuwanta suka yi. Cikin 1850 Robert Warington ya nuna tsire da kifi na iya raya juna a cikin ruwan daɗi ba tare da an canza ruwan ba. Cikin 1853 aka buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan, kuma Philip Henry Gosse, wanda ya yaɗa kalmar akwariyam, ya fitar da hanyar haɗa ruwan teku na hannu cikin 1854. Yayi ya tashi a Ingila, kowane gidan masu hali ya sa akwatin teku a falo. Yayin bai daɗe ba, domin dabbobin mutuwa su ke yi, ruwan ya yi wari. Kiwon kifin ruwan daɗi kuwa ya ci gaba da yaɗuwa.

Manyan gidajen kifi sun daɗe suna ganin ba mafita sai a kawo tekun da kansa. Tashar binciken da Anton Dohrn ya kafa a birnin Nafoli cikin 1872 a bakin teku aka gina ta don wannan dalili. Da aka buɗe gidan kifi na Shedd a Cikago cikin 1930, a tsakiyar Amurka, taragun jirgin ƙasa 20 suka yi sawu takwas zuwa Key West ta jihar Fulorida, tafiyar fiye da kilomita 2,000, suka jido galan miliyan ɗaya na ruwan teku. Sai bayan tsakiyar ƙarni na 20 aka sami garin gishirin teku na kamfani mai inganci, wanda a ke damawa da tataccen ruwa. Aka kuma samo na'urar da ke busa ƙananan kumfa cikin ruwa, datti ya manne musu, su taso sama a kwashe kafin ya ruɓe. Wannan na'ura a ruwan gishiri ta ke aiki sosai, domin shi ke yin kumfa mai laushi, kamar yadda a ke gani a bakin teku. Daga nan masu kiwo, musamman a Jamus cikin shekarun 1970, suka koma sa duwatsun murjani masu ramuka da ƙananan halittu a jikinsu, su yi aikin tace ruwa, tare da fitila mai ƙarfi. Da haka ne kiwon kifin teku, har da murjani mai rai, ya zama abin da mutum zai iya yi a gidansa.

Sai dai a lura, kowace ɗaya daga cikin dabarun nan a kan wutar lantarki ta rataya. Wannan shi ne inda maganar ta shafi mai zama a Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Nisan teku, wanda daga Kano ya kusa kilomita 1,000, ba shi ne babbar matsala ba tun da akwai garin gishiri, ko da ya ke akwatin lita 200 na cin kilo 7 tun a zubin farko, kuma daga waje a ke sayo shi. Matsalar ita ce watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, da kuma ɗaukewar wuta. In injin tura ruwa ya tsaya 'yan sa'o'i a cikin zafi, iska ta ƙare, bakteriyan da aka yi mako shida ana raino su fara mutuwa, amoniya ta taso. Tarwaɗa za ta leƙo sama ta shaƙi iska ta koma abinta. Kifin murjani ba shi da inda zai leƙa. Shi kansa murjanin, in zafin ruwa ya ɗara abin da ya saba da digiri 1 kacal har tsawon makonni, sai ya kori ƙananan tsirran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya cikin 1998 da 2016. Duk hukumar da ke tunanin gina gidan kifin teku don makaranta ko masu yawon buɗe ido a irin wannan wuri, kuɗin gini shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ta lissafa. Na'urar sanyaya ruwa da injin wuta na ko-ta-kwana da ma'aikacin da zai kwana a wurin su ne ainihin kasafin.

Abinci da cuta sun ƙara nasu. Yawancin kifin kogi ba su da tsarar baki. A duwatsun murjani kuwa, saboda yawan masu neman abinci a ɗan wuri, kowane iri ya ƙware kan abu guda. Akwai kifayen da ba su cin komai sai naman murjani mai rai, akwai masu tsintar ƙananan ƙwari daga jikin dutse yini guda, akwai wanda sana'arsa cire ƙwari daga jikin manyan kifaye. Irin waɗannan kan mutu da yunwa a gaban abinci, kuma har yanzu ana sayar da su ga wanda bai sani ba, abin da bai dace ba ko kusa. Wajen magani kuma, cutar fararen ɗigo da ta fi addabar kifin teku jan ƙarfe ke kashe ta, amma jan ƙarfen nan guba ne ga murjani da jatan lande da duk wata halitta marar ƙashin baya, don haka sai an tanadi akwati na biyu don jinya. Wani abin sha'awa, masu kiwon kifin kogi kan yi magani da ɗan gishiri, masu na teku kuma kan tsoma kifi 'yan mintoci a ruwan daɗi. Dalilin ɗaya ne: osmosis ta fi saurin hallaka ƙaramin ƙwaro kafin ta taɓa babban kifi.

Ba a ce kowane kifin ruwan daɗi mai sauƙi ba ne. Kifayen tafkin Tanganyika, tafki mai zurfi da daɗewa wanda halin ruwansa bai cika canzawa ba, suna da tsarar da ta kusa ta kifin teku, kuma wannan ƙarin shaida ne cewa zaman lafiyar gida shi ne asalin abin. Haka nan akwai kifayen bakin teku, inda kogi ke haɗuwa da gishiri, irin su wasu dangin karfasa na tafkunan gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda ke shiga ruwa biyun ba abin da ya dame su.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi, domin ta fita daga ɗakin mai kiwo. Kifin ruwan daɗi na ado, kimanin kashi 90 cikin 100 a gonakin kifi a ke hayayyafa shi, a wurare irin su Singafo da Tailan da Fulorida. Kifin teku kuwa mafi yawan irinsa daga teku a ke kamo shi. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2003 ya ƙiyasta ana cinikin kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 kowace shekara, iri 1,471, mafi yawa daga Filifin da Indonesiya. Ke nan kifin da ya mutu a akwatin sabon shiga, gurbinsa daga dutsen murjani a ke cike shi. Tun cikin shekarun 1960 wasu masu nutso a Filifin suka fara fesa gubar sayanayid cikin ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi da sauƙi. Doka ta hana, amma hana abu a takarda daban, tsare dubban tsibirai daban. Gubar na kashe murjanin da ta taɓa, kifin kuma sau da yawa ya iso kanti da kyan gani, ya mutu bayan kwanaki, mai saye ya zauna yana zargin ruwansa.

Dalilin da ya sa ba a hayayyafa su shi ne yadda su ke haihuwa. Yawancin kifin murjani sakin ƙwai su ke yi cikin ruwa, ƙwan bai kai milimita ɗaya ba, igiya ta tafi da shi. Abin da ya ƙyanƙyashe ɗan mitsitsi ne, kusan ba a ganinsa, ya yi makonni yana yawo a tsakiyar teku yana cin halittun da suka fi shi ƙanƙanta. Samar da irin wannan abinci da rai, da yawan da a ke bukata, a ranar da bakin ɗan kifin ya buɗe, shi ne ya gagari masana shekaru da dama. Waɗanda aka fara cin nasara a kansu su ne masu kula da ƙwansu, kamar kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane da ke zama cikin furen teku, wanda aka fara kiwonsa don kasuwa a Fulorida cikin shekarun 1970.

Labarin kifin tsibiran Banggai na Indonesiya ya nuna iya hayayyafa ma bai wadatar ba. Wannan ɗan kifi mai zanen baƙi da fari, namiji ke ɗaukar ƙwai a bakinsa kusan wata guda har 'ya'ya su fito da kamanninsu, kwatankwacin yadda macen karfasa ke yi. Saboda haka kiwonsa mai sauƙi ne. Amma saboda haka ɗin dai 'ya'yansa ba su bazuwa nesa, duk duniya a ɗan yankin nan kaɗai asalinsa ya ke. Ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, aka yi ta kwasa domin na kamu ya fi na kiwo araha, har cikin 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Masu sakin ƙwai cikin ruwa kuwa sai daga baya aka fara buɗe ƙofarsu. Cikin 2015 wata cibiyar binciken teku a Hawai, bayan fiye da shekara goma tana gwaji, ta raini rawayan kifin nan mai suna tang daga ƙwai har ya girma. Cikin 2016 masana a Jami'ar Fulorida suka yi haka ga ɗan'uwansa shuɗi. Abin da ya warware matsalar a duka biyun shi ne koyon kiwon wasu ƙananan ƙwarin teku, dangin jatan lande, waɗanda 'ya'yansu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, daidai bakin ɗan kifin a kwanakinsa na farko. Rawayan tang ɗin yakan yi kusan wata biyu a wannan hali na yawo kafin ya sauka kan dutse ya ɗauki launinsa, kuma a duk tsawon kwanakin nan gishiri da zafi da iskar ruwan ba su da izinin motsawa.